Ina ake samun dim sum na halal a Gwanzu? Masu zuwa Caina ku taimaka

Ɗan Mokoyo

Salamu alaikum jama'a, ina kwananku, ina gajiya. Tambaya gare ni ga waɗanda sunka saba tahiya Caina. In Allah ya yarda wata mai kamawa zan bi maigidana Gwanzu sayen kaya, kayan salula da panon sola muke ɗaukowa, biza ta riga ta hito, ta Yamai za mu tashi da jirgin Itofiya mu yada zango Adis. To shi Alhaji tun yanzu ya gaya mini tsarinshi, wai shinkafa da miya wurin wata mata 'yar Mali can unguwar baƙaƙe, rana da dare, kuma shina tahiya da kilishi da yaji da garin rogo cikin jaka, bai taɓa sa abincin Shinuwa bakinshi ba duk shekarun nan da shike zuwa. Ni kuwa gaskiya ba na son in yi wannan doguwar tahiya in koma Maradi ban ci komi ba sai abin da nike ci gida. Ina ganin wani abu a TikTok da suke kira dim sum, 'yan ƙananan kwanduna na gora suna tururi an jera su cike da tebur, ance ma asalinshi na yankin Gwanzu ɗin ne, raina ya biya wallahi. Abin da nike tsoro alade ne da giya. Dan Allah wanda ya san wuri mai kyau na halal ya kwatanta mini, da yadda ake zuwa, da kamar nawa mutum zai riƙe, kuma mi ake ce musu tunda ni daga Hausa sai Faransanci. Na gode.

Alhajin Kadro

Wa alaikumus salam. Yaro ka bi maganar maigidanka. Mu da munka daɗe muna zuwa ba wauta ta sa muke ɗaukar yaji ba. Mutanen nan komi da man alade suke yi, ko ganye ka ce a soya maka cikin kaskon da anka soya alade za a jefa shi. Unguwar Shawbe cike take da restora na Larabawa da Turkawa da 'yan Afirka, kaza gasassa, shinkafa, burodi, mi kake nema kuma? Kasuwa ta kai ka ba ciki ba.

Tafinta

Alhaji barka da war haka, a yi mini afuwa zan ɗan saɓa maka kaɗan. Maganarka ta kasko gaskiya ce a gidajen abinci na gama gari, amma Caina akwai Musulmi sama da miliyan 20, kuma su ma cin abinci suke a ƙasarsu, ba yaji suke ɗaukowa daga Maradi ba.

Ƙanena Ɗan Mokoyo, ni nan Gwanzu nake zaune, aikina raka 'yan kasuwa da yi musu tafinta, to saurara. Abu na farko ka ajiye hoton waɗannan haruffa biyu a wayarka: 清真. Ana karanta su kamar "cing-jen", shi ne alamar halal a nan. Kada ka tsaya neman rubutun Larabci a kan allo, 'yan shekarun nan an cire shi a wurare da yawa, haruffan nan su ne abin dubawa, sau da yawa allon kore ne, in ka leƙa ciki za ka ga maza da farar hula mata da kallabi.

Amma fa inda mutanenmu ke ruɗewa, yawancin wuraren halal da za ka gani a Xiaobei (Shawbe ɗin da Alhaji ya faɗa) ba abincin Gwanzu suke yi ba. Iri biyu ne. Akwai masu taliyar Lanzhou, waɗanda ake ja da hannu a gabanka a zuba cikin romon naman sa, mutanen arewa maso yamma ne, wajen Gansu da Qinghai, kusan kowane titi akwai su kuma da arha, yuwan 15 zuwa 20 ka ƙoshi. Sai 'yan Xinjiang masu tsiren rago da gurasa da shinkafa dafa-duka da karas, da wata kaza da suke kawowa a babban faranti da dankali da barkono. Duka suna da daɗi, zan ma ce taliyar nan ita za ta riƙe ka kullum da rana, amma ba su ne dim sum ba, in ka shiga ka ce dim sum kallonka kawai za su yi.

Dim sum na mutanen Kanton ne, wato 'yan yankin Gwanzu ɗin nan, su kuwa mutanen Kanton alade suka fi so a duniya, shi ya sa na halal ɗin yake da wuyar samu. Wurin da nake kai baƙina shi ne Hui Min Fandian, a titin Zhongshan na 6, tsohon gidan abinci ne na Musulmin garin kuma abincin Kanton ɗin sosai suke yi, sai dai inda wasu ke sa alade su naman sa ko kaza ko rago suke sawa. Daga Shawbe ka shiga metro layi na 5 tasha ɗaya ka sauka tashar jirgin ƙasa ta Gwanzu, ka koma layi na 2 zuwa Gongyuanqian, daga nan layi na 1 tasha ɗaya ka sauka Ximenkou, sauran da ƙafa ne. In kana ganin canjin ya yi yawa ka nuna wa mai taksi 回民饭店 shi ke nan. Kuma masallacin Huaisheng yana nan kusa a titin Guangta, ɗaya daga cikin masallatai mafi tsufa a ƙasar, da doguwar hasumiyarsa, sai ka haɗa biyu ka ci ka yi azahar a can.

Ka je da safe. Wannan shi ne abin da baƙi ba sa ganewa, su zo da magariba su ce babu komi. Su a wurinsu shan shayin safe ne, abincin rakiya yake yi wa shayin, daga wajen ƙarfe 7 ko 8 har zuwa rana, kuma tsofaffi ne suka fi cika wurin, fadarsu ce kamar yadda samarin Maradi ke zama gindin butar shayi, mutum ya zo da jarida ya yi awa biyu kan kwando biyu ba mai korarsa. Ka tuna awa 7 ke tsakaninmu da gida, ƙarfe 8 na safe nan ƙarfe 1 na dare ne a Nijar, kwanakin farko jikinka ba zai yarda ka tashi ba, ka bari sai ka ɗan saba.

Da ka zauna tambayar farko wane shayi, ba su sa sukari ko kaɗan ka shirya ma wannan. Pu'er baƙi ne mai ƙarfi yana yanke maiƙo, in kana son mara nauyi ka ce na fure. Ana lissafa kuɗin shayi kan kowane mutum ko ka sha ko ba ka sha ba, kaɗan ne dai, haka ma fakitin tishu da suke ajewa a tebur wasu wuraren na kuɗi ne in ka buɗe. Za su kawo wata roba ko kwano babu komi ciki, ba na wanke hannu ba ne kuma ba na sha ba, shayin farko ake zubawa a ɗauraye kofi da ɗan kwano da tsinkayen cin abinci a juye ruwan a ciki. In wani ya zuba maka shayi ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ce. In buta ta ƙare ka ɗaga murfin ka bar shi a karkace, da kansu za su zo su ƙara ruwan zafi.

Abin da za ka ce a kawo: har gaw, shi ne jatan lande cikin wata fata fara sol da ake hango jan abin da ke ciki, da shi ake gane gwanin wuri, in fatar ta yage ko ta manne da tsinke ko jatan landen ya yi laushi to na firiza ne aka ɗumama maka. Sai siu mai, mai rawayar fata buɗe a sama. Sai ceng fan, garin shinkafa ne ake turarawa fale-fale a naɗe da nama a ciki a zuba ruwan soya mai ɗan zaƙi, wannan ni shi na fi so, santsi gare shi dai sai ka yi da gaske da tsinke, ka roƙi cokali ba abin kunya ba ne. Akwai ƙwallon naman sa, akwai shinkafa mai danƙo da kaza a ƙunshe cikin ganye, akwai farin burodi mai laushi da nama a ciki, akwai kunun shinkafa. Ƙafar kaza kuma ban tilasta maka ba amma ita ce tsofaffin ke rububi. Kowane kwando guda 3 ko 4 ne a ciki, don haka ku je ku biyu ko uku ya fi, kowa ya ɗanɗana ko'ina. Mutum ɗaya yuwan 60 zuwa 100 ya ishe shi har ya bari, yuwan 100 kuwa wajen jika 8 ne na sefa, ka yi lissafi.

Ɗan Mokoyo

Kai yaya Tafinta Allah ya saka da alheri, wallahi na kwahe duka na aje. Amma wani abu, in ba mu samu zuwa can ba, ba sai in shiga kowane wuri in ce a ba ni na jatan lande kaɗai ba? Tunda shi ai ba nama ba ne. Kuma ƙaƙa ake biya, ance wai ba su karɓar kuɗin hannu.

Tafinta

A'a ƙanena nan ne tarkon. Har gaw ɗin da kake gani fari tas, a wuraren da ba na halal ba sau da yawa ana sa kitsen alade cikin jatan landen don ya yi maiƙo, siu mai kuwa alade ne tsagwaronsa jatan landen ado ne. Wainar da suke yi da farin radish akwai busasshen tsiran alade yankakke a ciki, ɗan kek ɗin ƙwai ma wasu da man alade suke murza fulawar. In ka ce "wo bu chi zhu rou", ba na cin naman alade, ma'aikaciyar za ta ce to da zuciya ɗaya ta kawo maka abin da ba ta ga tsoka a ciki ba, ita a wurinta kitse ba nama ba ne, ba yaudara take ba. Ga kuma giyar girki ta Shaoxing da suke ɗigawa a kusan komi, sannan ko kaza ce ko sa wa ya yanka? Shi ya sa dim sum dai sai wurin halal.

Kuɗin hannu suna karɓa, doka ma ta hana a ƙi, canji ne wani lokaci ke wahala saboda kowa da waya yake biya, ta WeChat ko Alipay. Ka riƙe ƙananan takardu na 10 da 20. Kuma Google da WhatsApp ba sa aiki nan sai da VPN, ka sauke tun kana gida, taswira kuma Amap ko Baidu, in ka liƙa haruffan nan biyu a wurin nema duk wuraren halal na kusa za su fito maka.

Hajiya Mai Leshi

Sannunku da hira. Ɗana bari in ƙara maka abin da maza ba su faɗa ba. Matsalar ba ranar da ka hita da ƙafarka ba ce, ranar da mai kamfani ya ce zai kai ku cin abinci ce, kuma za su ce, in dai kun sayi kaya da ɗan yawa sai sun gayyace ku, a al'adarsu cin huska ne ka ƙi. Su kuma don su girmama ka sai su kai ka manyan gidajen nan na tarihi irin su Tao Tao Ju da ya haura shekara 100, wuri mai kyau ƙwarai ba a magana amma ba namu ba ne. Ni abin da nike yi tun ranar da anka sa magana nike cewa ni Musulma ce a kai ni wurin cing-jen, ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai ba, wasu ma sun saba da Larabawa da 'yan Pakistan sun san wuraren sun hi mu. In kuwa abin ya zo ba shiri, ko kuna can wajen gari inda masana'antu suke babu na halal kusa, to ka ce kihi. Mutanen Kanton sun iya kihi, da ranshi ake ciro shi cikin ruwa a gabanka a turara shi da citta da albasa mai lawashi, ka ce kada a sa giya kuma man gujiya za a zuba, da farar shinkafa da ganye dafaffe cikin ruwa ba soyayye ba. Ni da haka nike tsira. Wani zai ce ai tukunyar, to wannan kowa ya tambayi malaminshi, ni na tambayi nawa.

Kuma awara, kada ka raina ta don ka saba ganinta bakin lakkal ana saida ta dala-dala, can ne gidanta, kala nawa suke yi da ita, wata laushinta har ba ta ɗaukuwa da tsinke. Sai dai ka kula akwai wadda suke cusa nikakken nama a ciki, akwai kuma mai jan yaji da suke barbaɗa nama a kai.

Abu ɗaya da zan goyi bayan Alhajin Kadro, ka tahi da yajinka. Abincin Kanton ba shi da yaji sam, gishiri ma sama-sama ne, ga ɗan zaƙi-zaƙi, bakin Bahaushe kwana biyu ya fara neman tonka. Ni cikin jakata yake, ina hiddo shi kan tebur in barbaɗa kan dim sum ɗin nasu, wata tsohuwa da munka zauna tebur ɗaya har ta miƙo hannu ta ɗanɗana ta yi ta tari tana dariya. E, za a iya haɗa ku tebur da mutanen da ba ka sani ba in wuri ya cika, ba komi ba ne.

Na Tibiri

Ni tambayata jatan landen nan da kaguwa ma sun halatta? Na ji wasu 'yan Pakistan a can suna cewa su ba su ci.

Malam Ƙarami

Na Tibiri, su Hanafiyya ne, a wurinsu kifi kawai aka yarda da shi cikin abin ruwa, jatan lande ma malamansu sun yi saɓani a kai. Mu nan Malikiyya ne, abin da ke rayuwa cikin teku halal ne, ka ci abinka.

Tun da na shigo bari in ce wani abu ga mai tambaya. In Juma'a ta same ku a Gwanzu ku je masallacin da ke kusa da tashar Yuexiu Park a layi na 2, wanda ake kira na Abi Waƙƙas, nan ne jama'a suka fi taruwa, baƙi da 'yan ƙasa. Musulmin can suna cewa kabarin Sa'adu bin Abi Waƙƙas ne a wurin, littattafanmu na tarihi kuwa sun ce kusa da Madina ya rasu aka rufe shi a Baƙi'a, kada dai ka je ka tada musu da mutane a garinsu. Abin da ya sa na kawo maganar, lokacin da na je bayan an sallame masu abinci ne jere a waje, tsire, gurasa mai zafi, wani ɗan burodi gasasshe da naman rago da albasa a ciki, duk na Musulmi, ka ci hankali kwance. Kuma nan ne za ka tambayi mutane inda suke ci, wanda ke zaune a gari ya fi waya sanin wurin da ya buɗe da wanda ya rufe.

Na Tibiri

Allah ya ƙara sani malam. To ni ma in ba da tawa, duk da ban san ko bizarku ta ba ku damar leƙa Hong Kong ba, ku bincika tukuna don shigarta daban take da ta Caina kuma in kun hita sai kuna da biza mai shiga biyu kahin ku komo. In dai an samu, akwai masallacin Ammar a Wan Chai, titin Oi Kwan, hawa na 5 akwai kantin na cibiyar Musulunci da suke dim sum na halal, ba ƙyale-ƙyale, kana zuwa gaban kanta ka nuna abin da kake so da yatsa a ɗora maka, ko kalma ɗaya ba sai ka iya ba. Ni nasu siu mai na kaza ya hi mini na ko'ina. Ku je kahin azahar don bayan salla mutane na saukowa su share komi.

Alhajin Kadro

To ai shi ke nan kun taru kun lalata yaron mutane, maigida na jiran a loda kwantena shi yana can yana ƙwanƙwasa tebur da yatsu. Tafinta, wancan wurin na Ximenkou da ka faɗa suna da agwagwa gasassa? Nakan gan ta rataye cikin gilashi tana sheƙi duk inda na wuce, ban dai taɓa kusantar ta ba.

Tafinta

Hahaha Alhaji ashe kai ma. Gasassun kaya irin na Kanton suna yi, amma wannan abincin rana ne ko dare ba na shayin safe ba, in ka shigo ka neme ni in raka ka mu tambaya abin da ke akwai ranar. Sai dai in lokacin babban bajen kolin garin, Canton Fair, za ku zo, wato tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu ko tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, duk wurin halal cike yake da baƙi, otal ma kuɗinsa ninkawa yake. Ɗan Mokoyo wane kwanan wata ne tikitinku?

Ɗan Mokoyo

Sai na tambayi Alhaji, biye ɗin na hannunshi. Zan turo maka ta sirri in na gani. Hajiya yajin wa kike saye, na ƙuli ko na tonka zalla? Kuma duwan ɗinsu ba su karɓewa a hilin jirgi?

Hajiya Mai Leshi

Na ƙuli, ni nike daka abina. Yaji ban taɓa samun matsala da shi ba, ka ɗaure shi da kyau cikin leda biyu ka sa a babbar jaka. Kilishin ne abin tsoro, dokarsu ta hana shiga da nama ko busasshe ne, in sunka buɗe jaka sunka gani karɓewa za su yi, ka gaya ma maigidanka.